Cigiyar Karen Baba

A garinmu, can gefen Danchadi, in akuya ta ɓata ba a tsayawa shawara. Mai ita zai jira liman ya sallame, kafin mutane su miƙe ya ce, "Jama'a, ina cigiya," ya faɗi launinta da tsagar kunnenta. Gidanmu jikin masallaci yake, don haka mu mata ta kan katanga muke jin komai. Na ji cigiyar jaki, na ji ta tunkiya, na taɓa jin ta takalmi ƙafa ɗaya. Abin da ban taɓa ji ba tun tasowata shi ne cigiyar kare, kuma a kan wannan muka yi ta da mahaifina a bazarar da karensa ya ɓata.

Baba manomin albasa ne, yana da lambu a fadama. Mutum ne na sahun gaba, in liman ya yi tafiya shi ake turawa ya ja salla. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Ni kuma na riƙe wannan da hannu biyu, ina gaya masa maganar da ko Yaya, babban wanmu, ba ya iya tunkararsa da ita. An ce bakina ba shi da linzami. Ban musa ba.

Karen ma ba Baba ya kawo shi ba. Makiyaya ne suka sauka a gonarmu bayan girbi, da suka tashi suka bar ɗan kwikwiyo a gindin wata kirya, yana ta kuka. Inna, mahaifiyarmu, ita ce ta ce a kai shi lambu, ita ke ba da ƙanzo da sauran tuwo a kai masa. Baba ya ce ba ruwansa, in dai ba za a shigo masa da shi gida ba. Ya girma ya zama jan kare mai farin wuya, kunnensa na hagu a karye. Suna kuwa bai samu ba. Baba ya ce suna na mutane ne.

Da Inna ta rasu sai gidan ya yi wa Baba faɗi. Daga sallar asuba yake wucewa lambu, a can yake azahar da la'asar a bakin bukka, sai magariba ta kawo jiki ya dawo. Wata rana na zo daga Bodinga, inda nake aure nake kuma ɗinki, na ce bari in kai masa abinci da kaina. Tun daga nesa na ji muryarsa yana hira. Na ɗauka baƙo ya yi. Da na zagayo bukkar sai na gan shi zaune a kan buhu, karen kwance ɗan nesa da tabarmar salla, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, Baba yana ba shi labarin yadda tsutsa ta ci yabanyar wani maƙwabci. Yana ganina ya tsuke fuska ya daka wa karen tsawa. Karen ko motsi bai yi ba, don ya san ba da gaske ba ne.

Na ce, "Baba, ashe aboki ka yi?"

Ya ce, "Aboki mi? Gadi shika yi."

Gadin kam yana yi. Baba ya hore shi a kan abu ɗaya: ba a taɓa albasa. Kana iya shiga lambun ka sha ruwa, ka tsinki tumatir, ba zai kula ka ba. Amma ka kai hannu kan buhun albasa Baba ba ya kusa, to ka shirya gudu. Duk inda aka jera buhu, nan ne wurin kwanansa.

A bazarar da nake magana, an cire albasa an ɗure a buhu. Na zo gaisuwa na tarar da Baba ya zabge, wuyansa ya yi tsawo, ƙafafunsa duk kaushi da ƙaya. Kwanon tuwonsa na jiya yana nan a rufe. Na tambayi Yaya ko ba shi da lafiya, sai ya yi dariya ya ce, "Lahiya tai lau. Karenai ne yab ɓace. Sabo turken wawa." Ya ce kwanaki ke nan tsoho na fita shi kaɗai, yana bin fadama, yana leƙa tsofaffin rijiyoyi da ramukan da aka haƙa don ban ruwa. In ya gamu da mutum aka ce ina zuwa, sai ya ce ganye yake nema na magani.

Raina ya ɓaci, ba kaɗan ba. Na shiga ɗakin Baba ko zama ban gyara ba na ce, "Ka yi cigiya?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Uwata, mi kika so in yi? In miƙe cikin ɗakin Allah, da hurhurata, in ce jama'a karena ya ɓace? Gobe in wuce gaba in ja su salla?"

"To wa ka faɗa ma?"

"Ba kowa."

"Baba, matambayi ba ya ɓata. Kai kana leƙa rijiya, alhali ƙila wani ya gan shi da idonsa, bai san ana nema ba."

Can ya ce in ma ya faɗa, dariya za a yi masa, a ce tun da matarsa ta rasu hankalinsa ya taɓu. Yaya da ke bakin ƙofa ya ce gaskiya ne, a rufa wa gida asiri, kare dai kare ne, in ana so gobe ya samo wani. Baba bai ko dube shi ba.

Na sha yin tunanin wannan magana daga baya. Mu a nan ba mu ƙi amfanin kare ba. Muna so ya tsare lambu, ya raka garke, ya yi haushi in ɓarawo ya zo. Abin da muke jin nauyi shi ne a san cewa zuciyarmu ta kama shi. Baba ya yarda ya yi ta yawo cikin ranar Sakkwato har tafin ƙafarsa ya tsage, amma jimla guda a gaban mutane ta fi ƙarfinsa. Kuma lokacin ne mafi muni, don a tsakiyar bazara kowa a tsorace yake da mahaukacin kare. Baƙon kare da ba a san mai shi ba, in ya shiga gari harshe a waje, ba a yi masa tambaya. Wannan ne ya hana ni sukuni, na kuma san shi ne ke hana Baba cin tuwo.

Tun da ba a yarda a tambayi gari ba, sai na tambayi gida. Na ce wa Yaya, ranar da karen ya ɓata, me ya faru a lambu? Ya ce ba komai, Baba ya tafi ta'aziyya wani ƙauye, shi kuma mai sayen albasa ya aiko da motar a-kori-kura aka loda buhunan.

Na ce, "Karen ya bari aka loda?"

Ya ce da ƙyar, sai da ya kore shi da sanda.

"Da motar ta tashi ka gan shi?"

Yaya ya ce bai lura ba. Na ce, "Kai Yaya! Allah ya shirye ka. Karen da aka koya wa kwana a kan buhu, an kwashe buhu, kuma ake nemansa a rijiya?"

Washegari na nemi izinin maigidana na tafi tashar Bodinga. Ba zan ɓoye ba, ni ma na ji kunya. Mace da hijabi, tsaye a tsakiyar direbobi da 'yan kamasho tana tambayar kare. Wani ya ce, "Hajiya, farauta za ki?" aka kwashe da dariya. Na ce masa, "Awo, kuma kai zan fara kamawa." Aka sake dariya, amma wannan karon da shi ake. Dariyar ba ta cire mini komai ba, kuma kafin ta lafa an nuna mini direban da ya ɗauki albasarmu.

Yana jin kwatance ya ce, "Ja mai farin wuya? Wallahi shi ne!" Ya ce bai san da shi ba sai da suka isa Shagari, inda ake tara albasa kafin manyan motoci su kwasa zuwa kudu. Suna buɗe baya sai ga kare zaune ɗare-ɗare a saman buhu. Ya hana kowa saukewa. Ya ce ya so ya aika a faɗa, to amma da ya ji shiru ba wanda ya nema, sai ya ɗauka ba shi da mai shi.

Daga tashar na ɗauki keke mai ƙafa uku har ƙofar gidanmu. Na faɗa wa Baba abin da na ji. Ya ce, "Albasata yab bi." Ya tashi ya sa babbar rigarsa da hula. Da muka fito wani maƙwabci ya ce ina zuwa haka da rana tsaka, Baba ya ce Shagari za shi ya ga yadda kasuwar albasa take. Na cije leɓe na yi shiru, don in na yi magana zai iya komawa ciki.

A Shagari ma ni na yi tambayar. Baba ya tsaya gefe yana taɓa buhunan mutane kamar mai saye. 'Yan dako sun san karen sarai. Wani ya nuna mini inda ya yage masa wando. Suka ce da jifa suka sauko da shi, amma bai tafi ba, ya koma ƙarƙashin wata rumfa yana kallon buhunan, dare da rana. Wani mai shayi ya riƙa jefa masa gutsuren burodi. Ranar da babbar mota ta kwashe albasar, ya bi ta da gudu har ta ɓace masa, daga nan aka ga ya yanki daji ta wajen Horo Birni.

Mai shayin, wani dattijo mai sanyin murya, ya dubi Baba ya ce, "Malam, naka ne?"

Baba ya ce, "Na lambu ne."

Ya ce, "Assha. Da an aiko ko da yaro ne, da na ɗaure maka shi a nan. Kwana da kwanaki shina wurin ga."

Ban dubi fuskar Baba ba, don na san abin da zan gani.

Muka sake hawa keke muka kama hanyar Horo Birni. Gonaki fayau, ba komai sai kututturen dawa da awaki na neman inuwa. Duk inda muka ga mutum sai in sa a tsaya. Wani makiyayi ya ce ya ga jan kare ya nufi wani ƙauye da ke gaba, yana tafe yana tangaɗi. Muka isa ƙauyen ana kiran la'asar.

Ƙaramin gari ne, masallacinsu na ƙasa, rabin masu salla a waje suke a kan tabarmi. Ba wanda ya san mu. Baba ya yi alwala ya shiga sahu. Ni na raɓe a gindin wata bedi kusa da dangar wani gida, ina shirin in an idar in nemi matan gidan in tambaye su. Ban sa rai da komai daga wajen Baba ba.

Liman ya sallame, aka yi addu'a aka shafa. Mutane sun fara neman takalmansu sai na ga Baba ya miƙe. Ya gyara rigarsa. Muryar da yake jan salla da ita, da ita ya yi magana.

"Jama'a, salamu alaikum. Ni baƙo ne, daga wajen Danchadi. Ina cigiya." Ya dubi jama'a ya ci gaba, "Karena ya ɓace. Ja ne, da hwarin wuya, kunnenai na hagu a karye. Nawa ne. Ni ka ba shi abinci da hannuna."

Na jira dariya. Wallahi da an yi ta da na fi so. Ba wanda ya yi. Wurin ya yi tsit, wasu samari a sahun baya suka sunkuyar da kai, ɗaya ya zame ya bar wurin ko takalmi bai sa daidai ba.

Mai garin, wani tsoho mai rawani, ya ce Baba ya matso su zauna. Na matso ni ma daidai inda zan ji. Ya ce, "Malam, sai haƙuri. Jiya da hantsi wanga kare ya shigo muna gari. Ya rame, harshe waje, idanu jawur, shina bin ƙofa-ƙofa. Yara sunka yi kuwwa mahaukacin kare. Ka san lokacin da muke ciki, ga ƙananan yara ko'ina. Mun tambaya ko akwai wanda ya ji ana cigiya, babu. Samari sunka bi shi." Bai ƙarasa ba, ya juya tafin hannunsa sama.

Baba ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sai kuma ya yi shiru kamar yana tunanin ko ya dace a faɗi haka a kan kare. Ya sake faɗa, a hankali.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ya ciji wani?"

"Ko ɗaya."

"Alhamdu lillahi. Ba ku yi laihi ba. Ko garinmu ne haka za a yi."

Ni kam ban kai Baba haƙuri ba. Maganganu sun cika mini baki, na samarin nan, na Yaya, har na Baban kansa. Amma na dube shi zaune a tsakiyar baƙi, babbar riga ta yi masa yawa, sai na ji duk sun koma ciki. Ihu bayan hari ba ya dawo da komai.

Ya roƙi a nuna masa wurin. Aka ce an ja shi an yar a wani kwazazzabo bayan gari. Ya ce a ara masa fartanya. Mai gari ya ce samari su je su yi, Baba ya ce a'a. Ya tuɓe babbar rigar ya miƙo mini, ya tafi, mutum biyu suka bi shi daga nesa. Bai yarda na je ba.

Ina nan tsaye da riga a hannu sai wata tsohuwa ta leƙo ta dangar da nake jingine, ta ce, "Ɗiyata, shigo daga rana." Ta ba ni ruwa a moɗa. Ta ji komai, don gidanta ma jikin masallaci yake kamar namu. Ta zauna tana kallona, kamar akwai magana a bakinta tana auna ta. Ba ta faɗa ba, ni ma ban tambaya ba.

Da Baba ya dawo, gwiwoyin wandonsa duk ƙasa, ya wanke hannu ya karɓi rigarsa. Ya yi wa mai gari godiya. Har mun juya wajen keke sai ya tsaya, ya waiwayo.

Ya ce, "Tambaya guda. Kahin nan, akwai wanda ya ba shi ruwa?"

Mazan suka dubi juna. Sai muryar tsohuwar ta fito daga bayan danga.

"Ni na ba shi, Malam. Ƙofata yaf fara zuwa. Na zuba mai cikin kasko ya shanye, na ƙara ya shanye, shina kaɗa wutsiya." Ta ƙara da cewa, "Na hwaɗa musu mahaukacin kare bai shan ruwa. Na hwaɗa. Kuwwa ta yi yawa, ba wanda yaj ji ni."

Mai gari ya sunkuyar da kai. Ni sai a lokacin hawaye suka zubo mini, na ja hijabi na rufe fuska.

Baba ya taka har bakin dangar. Bai ga fuskarta ba, ita ma ba ta ga tasa ba. Ya durƙusa a nan cikin ƙasa, dattijo da furfura, a gaban mutanen garin duka, kamar mai gaida uwarsa.

Ya ce, "Ya sha ya ƙoshi?"

Ta ce, "Ya ƙoshi, Malam."

Ya ce, "To na gode. Allah shi shayar da ke ranar ƙishirwa."